Sakan Uku a Basalona: Nazarin Awon da Ya Haifi Mita, 1792 zuwa 1799

A farkon shekarar 1794, a wani masauki mai suna Fontana de Oro cikin birnin Basalona, masanin taurari ɗan Faransa Pierre Méchain ya kammala lissafin awon taurarin da ya kwashe hunturu yana yi a saman bene. Ya ɗauko wanda ya yi bara a ganuwar sojoji ta Montjouy, ya jera su, sai ya ga ba su hau juna ba. Saɓanin sakan 3.2 ne na kusurwa. Digiri ɗaya sakan 3,600 ne, don haka abin a takarda bai taka kara ya karya ba. A ƙasa kuwa ya kai wajen mita 100, a bakin layin da ake aunawa don fitar da tsawon mita, wanda ya haura kilomita 1,000. Méchain bai sa wannan saɓani a rahotonsa ba, bai kuma bayyana wa abokin aikinsa Delambre ba, har ya rasu shekara goma bayan haka.

Na zaɓi wannan lamari ne domin a cikinsa ana ganin awon alwatika a tsirararsa: inda yake da ƙarfi, da inda ƙarfin nasa ya tsaya.

A 1791 ne Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa ta yanke cewa sabon ma'aunin tsawo, wato mita, zai zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin ikweta. Ba mai iya jan igiya daga can zuwa can. Sai aka ce a auna yanki guda na layin da ya ratsa Paris daga arewa zuwa kudu, daga Dunkerque a bakin teku zuwa Basalona a bakin teku, kimanin digiri 9 da minti 40. Idan an san tsawon yankin a ƙasa, an kuma san digiri nawa ne shi a sama, sauran lissafi ne. Aikin ke nan gida biyu: nisa ta hanyar alwatika, digiri ta hanyar taurari. A riƙe wannan rabo, don duk labarin a kansa ya rataya.

Dabarar alwatika tsohuwa ce. Gemma Frisius ya bayyana ta a rubuce tun 1533, Snellius kuma ya yi aiki da ita a ƙasar Holan wajen 1615. Tushenta shi ne, in ka san tsawon gefe ɗaya na alwatika da kusurwoyinta, sauran gefuna biyu sun shigo hannu ba sai ka taka su ba. A ce ka auna layi mai kilomita 10 a fili. Ka tsaya a bakinsa na farko, ka hango wata hasumiya, ka samu kusurwa digiri 60. Ka koma ɗaya bakin ka samu digiri 70. Wadda ke can wajen hasumiyar dole ta zama 50. Lissafi zai ba ka gefe ɗaya kilomita 11.305, ɗayan 12.267. Yanzu kowanne cikinsu ya zama sabon layin tushe da za ka ɗora wata alwatika a kai. Haka za ka yi ta ɗinki, tsauni zuwa hasumiya, hasumiya zuwa tsauni, har ka ƙetare ƙasa ba ka sake shimfiɗa ma'auni ba.

Amma mai safiyo na gaske ba ya yarda da waccan 50 ɗin ta lissafi. Zai ɗauki kayansa ya hau hasumiyar ya auna ta da idonsa. Dalili kuwa, kusurwoyi uku in an haɗa dole su ba da digiri 180, da ɗan ƙari saboda doron duniya a lanƙwashe yake, kimanin sakan ɗaya a kowace murabba'in kilomita 197 na faɗin alwatikar. In jimillar ta kauce, alwatikar da kanta ta tona asirin mai awo tun bai bar wurin ba. Wannan kusurwa ta uku, wadda lissafi bai buƙace ta ba, ita ce mai gadin aikin.

Jean-Baptiste Delambre da Méchain suka bar Paris a watan Yuni na 1792. Delambre ya ɗauki arewa, daga Dunkerque zuwa garin Rodez, wajen kilomita 740. Méchain ya ɗauki kudu, daga Basalona zuwa Rodez, wajen kilomita 330. Nasa ya fi gajarta domin arewa an taɓa auna ta a 1740, shi kuwa yana da duwatsun Pyrénées a gabansa da ƙasar Sifen wadda ba a taɓa ɗinka ta da alwatika ba. Duka sarƙar ta ƙunshi alwatika 115.

Na'urar da suka dogara da ita sabuwa ce a lokacin, da'irar maimaici, wadda Jean-Charles de Borda ya tsara, Étienne Lenoir ya ƙera. Ya kamata a dube ta da kyau. Faifai ne mai zanen digiri, da maduban hange guda biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Mai awo zai saita madubi ɗaya kan alamar dama, ɗayan kan ta hagu. Maimakon ya karanta nan take, sai ya ɗaure madubi ɗaya ga faifan, ya juya faifan gaba ɗaya, ya kwance ɗayan ya sake saita shi. Kowane juyi yana tara kusurwar a kan ta baya. Bayan sau goma ko ashirin sai ya duba faifan sau ɗaya, ya raba da yawan maimaicin. Kuskuren karatu da na zanen faifai duk sai su rabu gida ashirin, su ƙanƙance. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ita ce kuma ta sa masana suka yi zaton duk wanda ya jure maimaici zai kai ga gaskiya. Wannan zato shi ne ya cinye Méchain.

Wahalar hanya ba sai an tsawaita ba, don lokacin juyin juya hali ne. An tsare Delambre ba sau ɗaya ba, mutanen gari na ganin baƙo da maduban hange da takardu masu hatimin sarkin da aka tumɓuke. Hasumiyoyin coci da aka yi amfani da su a 1740 wasu sun rushe, wasu an rusa. A garin Herment ya lulluɓe hasumiya da farin ƙyalle don a hango ta daga nesa, jama'a suka tayar, domin fari launin masu goyon bayan sarauta ne, sai da ya ɗinka mata ja da shuɗi a gefe. An rufe Majalisar Masanan a 1793, a ƙarshen shekarar aka cire Delambre daga hukumar ma'auni, aikin bai farfaɗo ba sai 1795.

Abin da ya fi burge ni a aikin duka shi ne layukan tushe. Guda biyu aka auna, duka a 1798, duka a hannun Delambre: ɗaya tsakanin Melun da Lieusaint kusa da Paris, ɗaya kusa da Perpignan a can kudu. Kowanne ya kusa kilomita 12. Ma'aunin sanduna huɗu ne na filatinam, kowace tsawon tuwaz biyu, tuwaz kuwa tsohon ma'aunin Faransa ne da ya ɗan gaza mita biyu. A kan kowace sanda an kwantar da siririn jan ƙarfe, an ɗaure shi a baki ɗaya an sake shi a ɗayan. Zafi na miƙa jan ƙarfe fiye da filatinam, don haka ratar da ke bakin sakakken ita ke faɗar yadda sandar ta miƙe a wannan sa'a. Ba a barin sanduna su taɓa juna, kada ɗaya ta ture ɗaya. Ana barin 'yar rata, a zuro wani ɗan harshe mai zane ya cike ta, a karanta da madubin ƙara girma. A duba karkata, a rubuta, a ɗauke ta baya a kai gaba. Haka kusan sau 3,000 a layin Melun kaɗai, sama da wata guda ana abu ɗaya.

Layi ɗaya ya isa lissafi. Na biyun an auna shi ne don a gwada sarƙar. Aka ɗauki tsawon Melun, aka bi da shi ta alwatika bayan alwatika, ɗaruruwan kilomita, aka lissafa abin da layin Perpignan ya kamata ya zama. Aka kwatanta da abin da sanduna suka faɗa. Bambancin bai kai rabin mita ba. A nan awon alwatika ya nuna iyakar kyansa: kowace alwatika na da mai gadi, sarƙar kanta na da mai gadi.

Gida na biyu, wato awon digiri ta taurari, ba shi da irin wannan gata. Mai awo zai kafa da'irar a tsaye, ya daidaita ta da ƙwayar iskar da ke cikin kwalbar ruwa, ya jira tauraro ya ratsa layin arewa da kudu, ya auna nisansa daga tsakar sama. Daga nan ake fitar da latitud, wato digiri nawa wurin yake arewa da ikweta. Ba wata jimilla ta 180 da za ta ce masa ka kauce. Sakan ɗaya a nan kimanin mita 31 ne a ƙasa. Kuma bakuna biyu na layin, Dunkerque da Basalona, su ke riƙe da nauyin lissafin.

Méchain ya yi nasa a Montjouy a hunturun 1792 zuwa 1793, dare bayan dare, ya aika sakamakon Paris. Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Sifen a watan Maris na 1793. Ba a daɗe ba kuma ya yi mummunan hatsari a wajen kallon wani injin jan ruwa, ya karye a haƙarƙari da ƙashin wuya, ya yi watanni yana jinya. Hukumomin Sifen suka hana shi komawa gida, ganuwar ma ta zama wurin soja da ba a barin Bafaranshe ya zauna. Da hunturu ya zagayo, yana zaune ba aiki, sai ya ce bari ya ƙara tabbatarwa daga benen masaukinsa, wanda ke kusan kilomita biyu daga ganuwar. Ya auna taurari, ya haɗa wuraren biyu da 'yar ƙaramar sarƙar alwatika. Ba wanda ya sa shi. Shi ya ƙirƙiro wa kansa mai gadin da tsarin bai tanada ba, mai gadin kuma ya ce akwai magana.

Ya kasa gane ko wanne ne daidai, kuma babu halin komawa Montjouy ya sake. Abin ya zame masa ƙarfen ƙafa. Ya fita ta Italiya, ya daɗe a Genoa, ya dawo kudancin Faransa yana ta jan ƙafa da sauran alwatikansa, wasiƙunsa cike da ƙunci da zargin kai. Ya yi ta roƙon a bar shi ya koma Basalona ba tare da ya faɗi ainihin dalili ba. A 1798 sai da matarsa ta yi tattaki ta same shi a kudu kafin ya ƙarasa haɗewa da Rodez.

Masana daga ƙasashe da dama suka taru a Paris a ƙarshen 1798 suka bi lissafin. Méchain ya ba su taƙaitaccen sakamako, bai ba su littattafan awonsa ba. A nan wani abu ya fito wanda ba a zata ba. An auna latitud a wurare uku na tsakiya, Paris da Évaux da Carcassonne, sai aka ga tsawon digiri ba ya sauyawa sannu a hankali kamar yadda ake tsammani. An san duniya ta ɗan lotse ta sama da ƙasa, ta kumbura a tsakiya. Amma awon Faransa shi kaɗai ya nuna lotsewar kashi ɗaya cikin 150, abin da ya saɓa wa duk sauran hujjoji. Sai hukumar masanan ta haɗa shi da awon da aka yi a Peru shekara hamsin da wani abu a baya, ta tsaya a kan ɗaya cikin 334. Ranar 22 ga Yuni, 1799, aka miƙa sandar filatinam ta mita.

Yau an san lotsewar kusan ɗaya cikin 298 ce, an kuma san nisan daga ƙuryar arewa zuwa ikweta mita 10,001,966 ne. Ke nan mitar ta gaza da kimanin milimita 0.2. Mutane kan ɗora laifin nan kan Méchain, amma lissafi bai goyi bayansu ba. Sakan 3.2 cikin kimanin sakan 34,800 na layin, kashi ɗaya ne cikin wajen 11,000. Ko an ɗauka duka kuskure ne, bai kai rabin giɓin ba. Babban abin daga surar duniya yake: adadin lotsewar da aka zaɓa, da kuma yadda tsaunuka da nauyin duwatsun ƙarƙashin ƙasa ke ɗan karkatar da ƙwayar iskar da mai awo ya amince da ita. Ba wani yanki guda na doron ƙasa da zai wakilci sauran.

An ba Méchain shugabancin ɗakin nazarin taurari na Paris, amma hankalinsa bai kwanta ba. A 1803 ya koma Sifen don ya miƙa layin zuwa tsibiran Baleares, yadda Basalona za ta daina zama bakin layi. Zazzaɓi ya kama shi a gaɓar Valencia, ya rasu a Castellón de la Plana ranar 20 ga Satumba, 1804. Takardunsa suka zo hannun Delambre. A warwatse suke, da yawa da fensir, wasu an goge an sake rubutawa. Delambre ya ga awon Fontana de Oro, ya kuma ga wuraren da aka gyara alƙaluma don su fi kama da juna. Ya manna takardun cikin kundi, ya bi fensirin da tawada, ya yi bayani a gefe, ya ajiye su a ɗakin nazarin. Da ya wallafa rahoton aikin tsakanin 1806 da 1810, ya fito da awon Basalona duka biyu.

Amsar ta zo a 1828 ta hannun Jean-Nicolas Nicollet. Ya bi alƙaluman Méchain, ya raba taurarin da suka ratsa ta arewacin tsakar sama da waɗanda suka ratsa ta kudanci. Sai ga shi kowane rukuni ya yarda da kansa, amma rukunan biyu sun karkata, ɗaya nan ɗaya can. Wannan alamar aibi ce a jikin na'ura, ɗan sako-sako ko lanƙwasa da ke tura kowane awo gefe guda. Irin wannan ko an maimaita sau dubu yana nan, domin maimaici na rage kuskuren da ke faɗuwa dama da hagu ne kawai. Maganinsa a haɗa arewa da kudu su kashe juna. Da Nicollet ya yi haka, saɓanin ya narke kusan duka.

Ni a ganina a nan zafin lamarin yake. Idon Méchain bai yi kuskure ba. Awonsa na biyu shi ne mafi darajar abin da ya yi a Basalona, domin shi kaɗai ne ya nuna da'irar maimaici na da iyaka. Da ya ɗora shi a gaban Borda da Delambre a 1794, da tambayar ta zama ta kowa. Shi kuwa ya ɗauke ta a matsayin shaidar gazawarsa. Ba na wanke shi daga gyaran alƙaluma, wannan laifi ne a kowane zamani. Amma a tuna a lokacinsa ba a riga an rarrabe kuskure iri-iri ba, ba kuma wata hanya da aka amince da ita ta sasanta awo masu saɓani. Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, a 1805, Adrien-Marie Legendre ya wallafa hanyar da ake bi har yau, wadda ke zaɓar amsar da ta fi rage jimillar murabba'in ragowar kurakurai. Misalin da ya gwada ta a kai kuwa alƙaluman wannan layi ne na Dunkerque zuwa Basalona.

Me ya sa suka sha wahalar alwatika 115 da layin tushe biyu kacal? Domin a zamaninsu kusurwa ce mai arha, nisa ke da tsada. Wannan ya juya a tsakiyar ƙarni na 20. Erik Bergstrand a Suwidin ya fito da na'urar auna nisa da haske a ƙarshen shekarun 1940, Trevor Wadley a Afirka ta Kudu ya fito da mai aiki da igiyar rediyo a 1957. Layin da ya ci wa Delambre sama da wata ya koma aikin mintoci. Daga nan aka samu damar juya dabarar: a auna gefuna uku, a lissafa kusurwoyi. Ba a damu sosai da hazon da ke ɓoye alama ba, don igiyar rediyo na ratsa shi, kuma girman aikin ba ya rataya kan layi ɗaya da kuskurensa ke bin sarƙa har ƙarshe.

Sai dai akwai abin da aka rasa, kuma masu koyon safiyo sukan tsallake shi. Alwatika mai kusurwa uku a aune tana da rarar awo ɗaya. Alwatika mai gefe uku a aune ba ta da ko ɗaya. Ba ta kowane tsawo uku masu ma'ana, za ta rufe lafiya lau, ko da ɗaya ya kauce da mita guda. Don haka mai awon gefe ba ya tsayawa a alwatika. Yana kafa tashoshi huɗu, ya auna gefuna huɗu da layuka biyu masu gicciye. Biyar sun isa su tsayar da surar, na shidan shi ne mai gadi. Wannan sura ɗin, in da kusurwoyinta takwas aka auna, sharuɗɗa huɗu za ta bayar na kama kuskure. Shi ya sa na'urorin yau ke ɗaukar kusurwa da nisa tare, a zuba duka cikin lissafi guda.

Aibin da ke tura awo gefe guda ma bai tafi ba, kama kawai ya sauya. Saurin haske a cikin iska na bin zafi da nauyin iskar, kuskuren digiri ɗaya na zafi na jawo kimanin milimita ɗaya a kowace kilomita. In an shigar da adadin gyara na madubin da ke mayar wa na'urar haske ba daidai ba, kowane layi zai ƙaru ko ya ragu da abu ɗaya, na'urar kuma za ta yi ta maimaita lamba ɗaya tana nuna ta natsu. Ana kama wannan ne ta auna layi gaba ɗayansa, sannan a tsaya a tsakiya a auna shi gida biyu, a ga ko guntayen sun haɗu sun ba da cikakken.

GPS ma awon gefe ne, tashoshinsa kawai ke yawo a sama. Na'urar na neman abu huɗu, wato matsayi ta fuska uku da kuskuren agogonta, don haka taurarin ɗan adam huɗu sun isa ta ba da amsa. Amsar huɗu ba ta da mai gadi. Sai da na biyar take iya gane cewa ɗaya daga cikinsu na ba ta nisan da ba daidai ba, sai da na shida take iya nuna ko wanne ne ta ajiye shi gefe.